Don Allah a daina tambayar mai tafiya a ƙafa ina motarsa

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni dai ba likita ba ne, ba malami ba, ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, shekarata 48, saboda haka duk wanda ya ga tuntuɓe a maganata ya yi min afuwa ya gyara.

Abin da ya sa na zauna nake ta danna waya ina wannan dogon rubutu shi ne maƙwabcin shagona, abokina tun muna makarantar allo, mutum ne ƙato mai fara'a wanda idan ya yi dariya sai an ji a layi na uku. Wata rana yana tsugune yana alwalar la'asar sai kawai ya kife, kafin mu ɗago shi baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Nan take kasuwa ta ɗauka, wannan yace iska ce ta buge shi, wancan yace jifa ne don dama an ga kasuwarsa ta buɗe, aka kwashe shi zuwa gida aka yi kwana biyu ana hayaƙi ana shafe-shafe kafin wani ƙaninsa ya tayar da ƙayar baya yace sai an je asibiti. Likita yana duba shi yace shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, kuma da an kawo shi a awannin farko da abin ya zo da sauƙi. Ni ban raina addu'a ba wallahi, da ita muke kwana muke tashi, amma me zai hana a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti?

Ranar da muka dawo daga dubiya ban iya cin abinci ba. Na biya wani kemis na unguwarmu nace yaro ya gwada ni, ya naɗa min abin a hannu, ya kalli na'ura ya kalle ni, ya sake gwadawa, sannan yace Baba ko ka yi gudu ne? Nace ni rabona da gudu tun ina saurayi. 168/102. Kuma ba ciwon kai, ba jiri, ba komai, garau nake jin kaina, a lokacin ma har yabona ake ana cewa Alhaji ka yi kyau ka ciko. A asibiti aka sake gwadawa a ranaku daban-daban, likita ya bayyana min cewa idan awo ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu mabambanta to sunansa hawan jini, ya rubuta min magani, sannan ya ajiye biro yace to Alhaji ba ni labarin yininka tun daga asuba har ka kwanta.

Edita, sai da na fara ba da labarin da bakina sannan na ji kunya. In na dawo daga sallar asuba in koma barci sai takwas, in tashi a haɗa min shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, da burodi, wani lokacin da soyayyen ƙwai. In fito ƙofar gida in shiga mota ko in tare adaidaita sahu, a sauke ni a bakin layinmu, in hau kan dilar kaya in zauna, to daga nan ba na tashi sai sallah, ko ruwan alwalar ma yaron shago ke kawo min. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji faranti guda a danne da lemon kwalba mai sanyi, in baƙo ya zo daga Agadas ko Marwa sayen kaya a sake sayo lemo a sha tare don kara. Da daddare tuwo a gida, sannan in fita majalisa a kawo balangu ko tsire a barbaɗa yaji, a dafa shayin nan mai ɗaci na 'yan ƙananan kofuna zagaye uku, in dawo gida sha ɗaya da rabi in kwanta da waya a hannu ina kallon TikTok da rigimar siyasa a Facebook sai ƙarfe ɗaya ko biyu. Likitan yace a duk wannan labarin taku nawa ka yi? Na lissafa, daga shago zuwa masallaci, daga masallaci zuwa shago. Shi ke nan.

Shi ne yace min Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar ke nan, kuma ba sai na sayi kayan 'yan ƙwallo na tafi wurin ɗaga ƙarfe ba, tafiya ce kawai da ɗan sauri, irin wadda za ka iya amsa sallama amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Nace wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ba a ƙafar wahalar take ba, a bakin mutane take.

Na fara takowa daga Gwammaja zuwa kasuwa da safe kafin rana ta yi zafi. Rana ta farko ban yi nisa ba wani ya taka burki, Alhaji lafiya? Ina motar? Nace lafiya lau motsa jiki nake, ya yi wata irin dariya yace haba Alhaji shigo kawai ai duk muna cikin yanayin. Kafin in isa mutum huɗu suka tsaya. Kafin sati ya zagayo labari ya kai kasuwa cewa na karye, na sayar da mota, har wani da nake karɓar kaya a hannunsa bashi ya fara yi min waya yana zagaye-zagaye yana tambayar ya kasuwa. Surukata kuwa aiko min aka yi a tambaya ko akwai abin da ke damuna da na rame. Kai jama'a! Mutum ya rage kilo biyar na kitsen da ke neman kashe shi amma a zauna ana jajanta masa.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Mun mai da tumbi shaidar arziki, mun mai da tafiya a ƙafa shaidar tsiya, kuma tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa suka koma takawa dole, sai abin ya ƙara zama abin gori, mai ɗan rufin asiri gani yake in an gan shi a ƙasa mutuncinsa ya zube. Alhali mu jikokin fatake ne da suke taka ƙasa daga Kano har Gwanja su sayo goro, wasu kakanninmu a ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan suka je Makka, mahaifina Allah ya jiƙansa har ya tsufa a kan kekensa yake zuwa kasuwa kuma ban taɓa ganin ya tsaya yana haki ba. Mu kuwa aka zo zamanin acaɓa muka saba a kai mu har bakin zaure, da aka hana acaɓa a Kano a 2013 sai adaidaita ta maye gurbi, yanzu saurayi ɗan shekara 20 zai tsaya minti goma sha biyar yana jiran abin hawa zuwa inda zai taka a minti goma.

Kar a yi min mummunar fahimta, ba da ɗan dako ko mai tura kurar ruwa ko manomi nake ba, waɗannan bayin Allah jikinsu ya motsu har ya gaji, abin da suke nema abinci mai kyau ne da hutu. Da irina nake, 'yan zaman shago da ma'aikatan ofis da direbobi da teloli. Amma gwajin jini kam kowa ya yi, don na ga siririn mutum kamar sillen kara da jininsa ya fi nawa hawa.

Ɗana ne ya saka min wata manhaja mai ƙirga taku a waya yace dole sai na yi 10,000 kullum, na yi kwana uku ina neman hallaka kaina, daga baya na gano wannan adadin ma asalinsa tallar wani kamfani ne a Japan a shekarun 1960 da yake sayar da na'urar ƙirga taku. Na bar shi da lissafinsa. Ni dai minti 35 zuwa 40 nake yi da safe, ranar da aka yi ruwa ko hazo ya yi yawa in bari, ranar Lahadi kuma wani lokacin mu hau Dutsen Dala ni da yara, karon farko sai da na zauna sau uku kafin in kai sama, yanzu sau ɗaya.

Sai rigimar gishiri, wadda ita ce ta kusa haɗa ni faɗa da uwargida. Abin da aka ce ya ishi mutum a yini bai kai gram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma har da wanda ke cikin burodi da yaji da kilishi da dunƙulen miya, wanda shi kansa kusan rabinsa gishiri ne. Da na leƙa kicin na ga ana jefa dunƙule shida a tukunya ɗaya, a ƙara farin, a ƙara gishiri, sannan a kawo yaji a gefe shi ma da nasa a ciki. Da nace a rage sai tace so kake a ce ban iya girki ba? Gaskiyarta ne ta wani ɓangaren, don mu mazan ne muke ture kwano in miya ta yi salam. Muka yi sulhu a kan a dinga ragewa kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da busasshen kifi. Sati biyun farko kamar ina cin magani, amma harshe ashe ɗan koyo ne, yanzu in na ci abincin biki sai in ji gishiri kamar an zuba da gangan. Kanwa ma likita yace a yi hankali da ita don danginsu ɗaya da gishiri, musamman kunun kanwar da ake ɗura wa masu jego.

Lemon kwalba kuwa ku duba jikin robar da kanku, yawancinsu sukarin da ke ciki ya kai gram 10 a kowane mil 100, ke nan roba ɗaya ta 50cl ta cinye gram 50 da aka ce kar babba ya wuce a yini, kusan cokali 12, ni kuma sai in sha biyu ko uku ban da na shayi. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, amma wa naira goma za ta hana? Ni abin da ya yi min aiki shi ne na sayi gora na ajiye ruwa a gefena a shago, baƙo in ya zo in ba shi ruwa da dabino ko goruba, kuma har yau ba wanda ya fasa sayen kaya saboda haka. A gida ana yi min zoɓo ba sukari, da fura da nono ita ma ba sukari. Kuma abin haushi, zogale da rama da yakuwa da lansir da tafasa da muke yi wa kallon abincin ƙauye su ne dai abin da likitan ke cewa in yawaita, kwaɗon zogale na ɗari biyar ya fi min naman dubu uku da nake ci da tsakar dare. Akwai ma hadisin da duk mun haddace na kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, amma in an ajiye faranti sai mu ba abinci duka ukun mu ce a yi mana addu'a.

Wani abu da na daina shi ne haɗin ƙwayoyin nan na gajiya da ake ƙulla mana a leda a kemis, da kusan kullum sai na watsa kafin in kwanta. Ashe wasu magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen in aka mai da su abincin kullum suna taɓa ƙoda da ciki kuma suna ƙara hawan jini. Gajiyar ma da nake sha don ita rabinta rashin barci ne.

Barcin nan shi ya fi ba ni wuya fiye da komai, don waya jaraba ce. Ana so babba ya samu awa 7 zuwa sama, ni kuwa huɗu nake yi in farka asuba kamar an yi min duka, in yini ina faɗa da yaran shago a kan abin da bai kai ya kawo ba. Annabi (SAW) ya kasance ba ya son hira bayan isha'i, mun sani sarai, amma mu sai bayan isha'in ma rayuwa take farawa. Dabarar da na yi ta ƙauyanci ce, ƙarfe goma in jona wayar a caji a falo in shige ɗaki da 'yar rediyona, kuma na daina shan shayi mai ɗaci da cin goro bayan la'asar tunda duk suna da sinadarin da ke kore barci awanni bayan an sha. Da rana bayan azahar in kishingiɗa a kan dila minti ashirin in yi ƙailula. Daren farko da na bar wayar sai da na fito sau biyu ina leƙa ta kamar na bar jariri.

To sai maganar da ba mu cika son yi ba mu maza, wato damuwa. Lokacin da dala ta haukace kaya suka yi tsada, ga bashi a kaina ga kuɗin makarantar yara ga 'yan uwa kowa da buƙatarsa, na yi watanni ƙirjina a cushe, in zauna cikin mutane ana dariya ina dariya amma hankalina ba ya wurin, abinci ba daɗi, abin da nake so da duk ya fita raina, ban gaya wa kowa ba don an ce namiji ba ya kuka, in ka buɗe baki kuma a ce maka rashin tawakkali ne. A majalisa muna iya awa uku a kan Arsenal da Barcelona da wa zai ci zaɓe amma ba mai tambayar ɗan uwansa ya kake a zuciyarka. Ranar da na daure na zayyana wa wani yayana komai, bai ba ni ko sisi ba, saurara kawai ya yi sannan ya taya ni muka rubuta basukan a takarda muka tsara wa za a fara biya, wallahi a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Tun daga nan duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa gaida wata gwaggona da ta rage mana, in zauna a tabarma ta yi ta ba ni labarin mutanen da, in fito wasai. Na fita daga guruf-guruf na WhatsApp sun fi goma, irin waɗanda ba abin da ake turowa sai hoton gawa da jita-jita.

Amma akwai damuwar da ta wuce hira da ziyara, wadda mutum zai yi makonni ba barci ba cin abinci har ya fara jin gara ya mutu, wannan ciwo ne kamar zazzaɓi kuma yana da likitoci da magani. Mun mai da sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano abin tsokana, alhali asibiti ne kamar kowane, akwai irinsa a Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba za ta hana mu nuna mutum da baki ba in an gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa, wannan sai mu.

Ban manta da mata ba, su nasu ma ya fi namu wuya, ni in na ga dama na fita, ita kuwa tana gida daga ɗaki sai kicin, ga haihuwa ga raino ga tunani, kuma gidajen yanzu ba tsakar gida balle daka da surfe da jan ruwa da iyayenmu suke yi. Uwargidana da maƙwabtanta biyu yanzu a ƙafa suke zuwa Islamiyya su dawo, kuma ni na ce ta dinga yi, don na ga wasu mazan sai su hana sannan in ciwon suga ya kama ta su zo suna sayen magani da kuɗin da ya fi na komai. Uwargidan ma da aka gwada ta jininta ya ɗan hau.

Wata riba da ban zata ba, lokacin da na ƙwato daga hannun waya sai ga shi na koma makarantar dare wajen wani malami a unguwa muna bitar littattafan da na watsar tun ina saurayi, a hanyar kasuwa kuma ina sauraron karatu, a shekara ɗaya na maido da izu biyar da suka zube min. Na kuma koyi rubuta cinikin kullum a littafi, abin da shekara ashirin ina kasuwa ban taɓa yi ba sai dai lissafin ka, a nan na gano kuɗin lemo da naman dare kaɗai a wata sun isa kuɗin makarantar yaro ɗaya na zango.

Roƙona gare ka Edita, ku ware mana ɗan shafi ko rabi ne duk mako da likita zai dinga amsa tambayoyi da Hausar da za mu gane, kar a jira sai 17 ga Mayu ranar hawan jini ko 10 ga Oktoba ranar lafiyar ƙwaƙwalwa a yi rahoto ɗaya a wuce. Limamanmu su ma su dinga saka wannan a huɗuba don an fi jin maganarsu. Hukuma kuma ta taimaka ta kwashe kayan da aka baza a gefen titi inda aka yi don masu tafiya, don sau biyu madubin adaidaita yana dukan kafaɗata. Mu a majalisarmu mun yi karo-karo mun sayi na'urar gwajin jini mai batir, duk daren Asabar ake zagayawa da ita kafin a kawo shayi, cikin mu goma sha ɗaya mutum huɗu aka tura asibiti, ɗaya har yanzu yana gardama wai na'urar ce ta lalace.

Ni dai ina nan ina shan maganina kullum ban fasa ba ko da na ji garau, don likita ya ja min kunne cewa tafiya da rage gishiri taimaka wa maganin suke ba korarsa ba, awona na ƙarshe 132/84. Abokina kuwa yana samun sauƙi, ya fara takawa da sanda, maganarsa ta fara fita, jiya da na je ma cewa ya yi in ya warke tare za mu dinga takowa, Allah ya ba shi lafiya da sauran marasa lafiya baki ɗaya. Kai kuma Edita in wata rana ka hango wani mai furfura a gemu da farar shadda da takalmin roba yana sauri wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ɗaga min hannu kawai ka wuce, motar tana nan a gida lafiyarta ƙalau.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai karatu daga Gwammaja, Kano